Ranar da Na Gaida Kwamiti

Ni ne na yi laifi. Na faɗa tun daga farko, domin waɗanda suka san ni sun san cewa idan na tsaya yin shimfiɗa, ba lallai ne in iso kan maganar ba.

Ni kafinta ne a Romi. Ina yin ƙofa da benci da gado, da akwatin gawa idan aka matsa mini. Karatuna bai yi nisa ba, a tsakiyar sakandare na tsaya. Amma Allah ya ba ni baki, mutanen unguwa kuma sun gane haka da wuri. Bikin aure, jana'iza, taron godiya a majami'a, ni ake miƙa wa makirufo. Na san wanda ake fara gaisarwa da wanda ake rufewa da shi. Na san idan ka gaida mai unguwa kafin hakimi ka ɓata taro, idan kuma ka gaida fasto ka manta da matarsa, shinkafar da za a zuba maka ba nama a kai. Wannan ilimin ba a aji na same shi ba, kuma ina alfahari da shi fiye da yadda nake alfahari da zarto da guduma.

Ni ne kuma shugaban matasan unguwarmu. An zaɓe ni tun gashina yana baƙi. Ba a sake yin zaɓe ba, ni ma ban tuna wa kowa ba. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ina da jika, gwiwata ta hagu tana sanar da ni za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba, amma a katin gayyata Shugaban Matasa ake rubuta mini. Aikin ba wuya. Idan ɗan siyasa zai zo, in tara yara su sa riga mai hotonsa. Idan ya tafi, in sallame su.

A bayan layinmu akwai hanyar ruwa, wadda ruwan sama yake bi ya gangara rafi tun kafin a yi gidaje a wurin. Wani mai hali ya sayi filin da ke ƙasa da mu, ya gina ɗakin biki, ya ja katanga ta tsakiyar hanyar ruwan. Ruwa bai yi gardama ba. Ya juya ya shigo gidajen mutane. Gidan da ya fi so shi ne na marigayi yayana, inda matarsa take zaune da 'yarsu. Kowace damina sai ya shiga ɗakin matar yayana, ya kwana, ya bar laka. Ni na ƙara wa ƙafafun gadonta tsawo, na ɗauka na yi iyakar abin da ɗan'uwa zai yi. Ƙofofin ɗakin bikin ma ni na yi su. Aiki aka kawo, na yi.

Yarinyar, 'yar yayana, ta gama kwaleji tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Kamazou kafin ta sami aikin da take so. Tun rasuwar ubanta Baba take ce mini, ni kuma 'yata nake ce mata. Ita ta ji a rediyo cewa majalisar jiha tana duba ƙudirin doka a kan gine-ginen da ake yi a hanyar ruwa, kuma kwamiti zai zauna ya ji ra'ayin jama'a. Ta nemi ƙudirin a waya ta karanta. Ta gano cewa maganar sabon gini kawai yake yi. Katangar da ta riga ta tsaya, ba abin da dokar za ta ce mata.

Sai ta fara tara matasa. Akwai 'yan majami'armu, akwai waɗansu samari Musulmi daga Mahuta da su ma ruwa yake cin gidajensu, akwai wani yaro ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran babur a Sabon Tasha, wanda shagon ubansa yake a kwari. A rumfar aikina suke taruwa ranar Lahadi da yamma, a kan bencina, bayan mun tashi daga sujada su kuma sun yi la'asar. Ni ina zama a gaba, tunda ni ne shugaba.

Ɗan Ibon ya taɓa tambayata, “Ciyaman, ka karanta ƙudirin?”

Na ce, “Na duba shi.”

“Wane shafi ka fi so?”

“Na duba shi gaba ɗaya, daga waje.”

Abu ɗaya suke nema: a ƙara layi a cikin dokar yadda za ta shafi katangun da aka riga aka gina, ba sababbi kaɗai ba. Sun bi gida gida sun ɗauki hoton alamar ruwa a bango. Sun yi gardama a kan kalmomi har na yi gyangyaɗi. Suka zaɓi 'yata ta yi magana a madadinsu. An gaya musu tun kafin ranar cewa kowace ƙungiya 'yan mintuna kaɗan za a ba ta, da ƙararrawa ta buga a kashe makirufo, ko kai wane ne.

Saboda haka yarinyar nan ta riƙa gwaji. Ta ajiye waya a kan teburin aikina, agogo yana tafiya, ta faɗi maganarta, ta rage, ta sake faɗa. Ta cire duk abin da ba ruwa da katanga ba. Da na saurara, na ji ba gaisuwa a ciki.

Na ce, “'Yata, ba a shiga gaban manya a fara da ruwa.”

Ta ce, “Baba, zan ce barkanku da rana.”

“Ga wa?”

“Ga kowa.”

“Kowa ba mutum ba ne. Kowa ba shi da sarauta.”

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Na ce to, tunda ni ne shugaba, ni zan tashi in gabatar da ita, kalma biyu kawai, in miƙa mata. Yaran suka dubi juna. Ba wanda ya iya ce mini a'a, a kan bencina suke zaune.

Uwarta ce kaɗai ta yi magana, da daddaren jajibirin tafiya da na leƙa gaishe ta. Ta ce, “Na ji an ce za ka yi kalma biyu.”

Na ce, “Biyu kawai, Yaya.”

Ta ce, “Rannan da ka yi kalma biyu, sai da rana ta faɗi kafin a sa yayanka a kabari.”

Na ce wannan daban, jana'iza ce, akwai baƙi daga ƙauye.

Da safe muka cika bas muka haye gadar kogi zuwa majalisa. Na sa babbar rigata ta bukukuwa da hular da ta dace da ita. Yaran sun sa fararen riguna, ba hoton kowa a jiki, abin da ya ba ni mamaki. 'Yata tana zaune kusa da taga, hotunan a cinyarta, leɓenta yana motsi.

Ɗakin taron yana da sanyi. 'Yan kwamiti suna zaune a dogon tebur, shugabansu a tsakiya, magatakarda a gefe da ƙararrawa a gabansa. Kafin a fara, shugaban ya sake bayyana ƙa'idar lokaci, da Turanci da Hausa. Na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba.

Aka kira masu zanen gidaje, mutum ya tashi ya ce barka da rana, ya shiga magana. Aka kira magina, haka. Ina zaune ina jin tausayinsu. Ga manyan mutane a jere, kowa da muƙaminsa, an wuce su kamar an wuce buhunan masara. Na ce a raina, bari Romi ta nuna musu cewa akwai sauran tarbiyya a kudancin kogi.

Aka kira mu. Na riga yarinyar isa wurin makirufo, duk da gwiwata.

Na gaida shugaban kwamiti da cikakken muƙaminsa. Na gaida mataimakinsa. Na bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, kowa da mazaɓarsa, domin na yi tambaya a bakin ƙofa na haddace. Na gaida iyalansu da suka bari a gida. Shugaban ya yi murmushi ya gyaɗa kai, wani daga baya ya tafa. Wannan tafin shi ya ƙarasa ni. Na gaida sarakunan da suka zo da waɗanda uzuri ya hana. Na gaida limamai da fastoci, na kula na daidaita su yadda ba wanda zai ce an fifita wani. Ina cikin gaida 'yan jarida sai na hango wani dattijo mai rawani da na tsallake, wanda bai kamata ya zo bayan 'yan jarida ba. Dole na koma baya na gyara jerin.

Na ji ana jan rigata ta baya. Na ɗauka yarinyar tana gyara mini ita ne, na ji daɗi a raina.

Na gaida jami'an tsaro. Na gaida magatakarda, har na yaba da ƙararrawarsa. Sannan na ja numfashi na ce, “Yanzu kuma, ba tare da ɓata lokaci ba, zan gabatar muku da 'yata.”

Ƙararrawa ta buga. Makirufo ya mutu a hannuna.

Shugaban kwamiti ya ce, cikin ladabi, “Baba, mun gode da gaisuwa, mun amsa. Idan akwai abin da kuka rubuto, a miƙa wa magatakarda. Ƙungiya ta gaba ta matso.”

Na juya. 'Yata tana tsaye a bayana, hotunan a hannunta, bakinta a ɗan buɗe, daidai inda za ta ce barkanku da rana. Ta rufe bakin. Ta je ta miƙa takardarsu da hotunan, ta koma ta zauna. Ba wanda ya yi mana rashin adalci a ɗakin nan. An ba mu lokacinmu cif, ni na cinye shi.

A bas ba wanda ya yi magana har muka haye gada. Shirun ya dame ni, sai na ce, “Ko ba komai, sun san mu mutane ne masu tarbiyya.”

Ɗan Ibon ya ce, “Ciyaman, ka yi ƙoƙari. Amma ka manta mai shara. Tana bakin ƙofa tana jira, na ga ranta ya ɓaci.”

Wani daga cikin samarin Mahuta ya ce, “Bari, sai zama na gaba. Baba zai fara da ita.”

Ba wanda ya yi dariya. Yarinyar tana kallon waje.

Kafin mako ya zagayo, magana ta bazu a unguwa cewa mai ɗakin biki ne ya saye ni, tunda ni na yi masa ƙofofi. Ina so in rubuta a nan cewa ba gaskiya ba ne. Mutumin bai ma san an yi zaman ba. Da saye na aka yi, da akwai dalilin da mutum zai iya fahimta. Ni kyauta na yi. Na ji muryata a cikin lasifika mai kyau, a ɗaki mai sanyi, gaban manya, na kasa sauka.

Yarinyar ba ta yi mini rashin kunya ba. Abin da ta yi shi ne, kullum da safe idan za ta wuce makaranta sai ta tsaya a bakin rumfata ta rusuna. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi gwiwa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har jikata. Ba ta tsallake kowa. Idan ta gama sai ta ce, “A tashi lafiya, Ciyaman,” ta wuce. Bayan gaisuwar ba ta ƙara kalma ɗaya. Da can takan shigo ta zauna a kan katako ta ba ni labarin yaran ajinta, ta ci gyaɗata ba tare da ta tambaya ba. Yanzu gaisuwa kawai, cikakkiya, wadda ba zan iya kushewa ba. Kuma Baba ya fita daga bakinta.

Ranar Lahadi na share rumfa na jera benci. Ba wanda ya zo.

A wurinmu babba ba ya ce wa yaro yi haƙuri. Akwai hanyoyin da ake bi. Na bi su duka. Na sayo tsire na aika mata, ta aiko a ce ta gode. Na ƙera mata teburin karatu da katako mai kyau, na kai har gida, ta rusuna ta yi godiya, ta tambayi gwiwa. Na tura matata ta je ta yi mata bayanin cewa ni haka Allah ya yi ni. Matata ta dawo ta ce yarinyar ta yarda haka Allah ya yi ni. Na yi tunanin kai maganar wurin fasto, sai na tuna zai ce in faɗi abin da ya faru, kuma zai tambayi wanda ya yi laifi.

A cikin zuciyata kuma ina ta kare kaina. Ina cewa ai ko da ta yi magana ba lallai a ƙara layin ba. Wannan gaskiya ne, har yau ban san abin da zai faru ba da ta yi maganar. Amma ba wannan ne abin ba. Ta yi makonni tana rage maganarta don ta shiga cikin lokacin, ni kuma na san haka, a kan teburina ta yi.

Cikin Agusta aka yi ruwa mai ƙarfi. Da gari ya waye na ɗauki bokiti na tafi gidan yayana. Ruwa ya kai ƙauri a ɗakin. Matar yayana tana zaune a kan gadon da na ƙara wa tsawo, ƙafafunta a naɗe, akwatin kayan mijinta a gefenta. Ƙasan akwatin ya jiƙe. Teburin da na ƙera yana tsaye a cikin ruwa, an ɗora tukwane a kai. Yarinyar ta riga ta kwashe abin da za ta iya ta tafi aiki da rigar da ba ta bushe ba.

Na fara kwasar ruwa ina zubarwa waje. Na ce, “Yaya, zan ƙara wa gadon tsawo.”

Ta ce, “Idan ka ƙara, da tsani zan riƙa hawa.”

Na ci gaba da kwasa. Can na ce, “Yarinyar nan ta daina ce mini Baba.”

“Na lura.”

“Na kai tsire. Na kai tebur.”

“Ta ci tsiren. Teburin ma ga shi yana aiki.”

“To me ya rage?”

Ta dube ni yadda take dubana tun ina yaro ina zuwa gidansu cin tuwo. Ta ce, “Kai da ka iya magana a gaban dubban mutane, ni za ka tambaya? Ranar ta dawo ba ta yi kuka don katanga ba. Cewa ta yi, Mama, na ja rigarsa bai waiwayo ba.”

Na tsaya da bokiti a hannu. Na ce na ɗauka gyara mini take yi. Matar yayana ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

A wurinta na ji cewa ba a gama da ƙudirin ba tukuna, yana hannun kwamiti, kuma yaran sun nemi ganin ɗan majalisar mazaɓarmu ya ba su rana. Sun koma taruwa a wani aji a makarantar da yarinyar take koyarwa, a kan kujerun yara. Sun yanke shawarar kada a gaya mini. Na tambaya ko an zaɓi wani shugaba. Ta ce a'a, sun ce ba sa bukata, kowa da aikinsa.

Lahadi da yamma na hau keke na tafi Kamazou. Ban sa babbar riga ba, da rigar aiki na je. Na same su a ajin, manyan samari a matse cikin ƙananan kujeru, gwiwoyinsu kusa da haɓa. 'Yata tana gaban allo tana gwaji, wayarta a kan tebur. Da suka gan ni, ɗan Ibon ya ce a hankali, “Jama'a, a ɓoye makirufo.”

Na ce ina neman izinin magana. Ba wanda ya ba ni, ba wanda ya hana ni. Na tsaya a gaba, na gyara murya, sai na ji bakina ya kama hanyarsa da kansa. Na ce, “Da farko dai, ina gaida...”

Yarinyar ta miƙa hannu ta taɓa wayar. Agogo ya fara tafiya. Ta juya fuskar wayar ta kalle ni, ta naɗe hannu.

Na dubi lambobin suna canjawa. Akwai mutane da yawa a ɗakin da ya kamata a gaisar, kuma na riga na jera su a kaina. Na haɗiye su duka.

Na ce, “Ranar nan lokacinku ne na cinye, ba nawa ba. An faɗi ƙa'ida na ji, kun yi gwaji na gani, na tashi na yi abin da nake so don in ji ana tafa mini. Ba wanda ya saye ni, ba kuma tarbiyya na je nunawa ba, kaina na je nunawa. Ni ba matashi ba ne, na daɗe da sani. Daga yau ku cire sunana daga shugabanci. Wurin ɗan majalisa ba zan bi ku ba, ko bakin ƙofa. Benci yana nan a rumfa idan kuna so, ni zan zauna a waje.”

Sannan na juya wurinta, domin ita na zo gani.

Na ce, “'Yata, kin ja rigata ban waiwayo ba. Na yi kuskure. Ki yafe mini.”